Allurar da Ba a Yi wa Mutanen Sheshe Ba

Duk wanda ya san unguwar Sheshe a 'yan shekarun baya ya san zauren Malam Modu mai surfani. Kakanninsa daga Barno suka zo tun ana fatauci da jakuna, suka zauna a cikin birni har Barbarci ya ɓace a bakin jikoki, sai sunaye da 'yar gaisuwa suka rage. Ɗinkin babbar riga gadon gidansu ne. Modu ba ya zana aska takwas a takarda kamar sauran maɗinka, a kansa take. Zai shimfiɗa shadda a cinya, ya ƙura mata ido jim kaɗan, ya soka allura. Bayan wata biyu mai riga ya zo karɓa, ya yi tsaye yana jujjuya ta don mamaki.

Yagana ƙanwarsa ce, shekara goma sha ɗaya ya ba ta. Mahaifinsu ya rasu tana aji biyu a sakandare, Modu ne ya tsaya mata da allurarsa har ta karanta aikin gwajin jini, ta sami aiki a lab ɗin wani babban asibiti. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida ta zauna a tsohon ɗakin mahaifiyarsu, mai kallon ɗakin Maimuna matar yayan nata. Zamansu lafiya ƙalau, har baƙo kan ɗauka ciki ɗaya suka fito.

A wata damina, cikin watan Agusta, lokacin da kududdufan birni suka cika suka batse, zazzaɓi ya kama Modu. Kowa ya ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis. Rana ta uku da safe Maimuna ta kai masa koko, ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Ta yi dariya, ta zaci tsokana ce. Kafin ta ajiye kofin ya sanƙare, idanunsa suka kafe, ya faɗi yana jijjiga.

Yagana da kanta ta duba jininsa a asibiti, ba ta ga maleriya ba. Aka ce ko sanƙarau ne, amma ba lokacinsa ba ne, kuma da aka ɗebi ruwan gadon bayansa bai nuna haka ba. Kwana goma sha tara ya yi bai san inda yake ba. A cikinsu ne wani likita mai suna Dakta Nazeer, siriri mai gilashi wanda ba ya ɗaga murya, ya kira ta ofishinsa.

"Malama Yagana, ke ma'aikaciya ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta kumbura. Wata ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗaukowa daga jinin tsuntsaye ya sa wa mutum. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa ma sanin ta shiga. Ɗaya cikin masu yawa ne take hau masa kai. Yayanki shi ne na goma sha ɗaya da na gani a daminar nan, kuma duk daga Sheshe zuwa Ƙofar Ruwa suke."

"Maganinta fa, Dakta?"

"Babu. Sai dai mu riƙe shi da ruwa da maganin jijjiga, jikinsa ya yi faɗan da kansa."

Jikin Modu ya yi faɗan ya ci, amma mutumin da aka dawo da shi gida ba shi ne ya fita ba. Tsofaffin abubuwa sun dawo masa a hankali. Ya gane Maimuna, ya gane gidan, ya gane Yagana, ko da yake kullum yana mamakin yadda ta girma. Sabon abu ne ba ya zama a kansa. In aka gaya masa magana, kafin shayi ya huce ta tafi. Yakan tambaya ko Baba ya dawo daga kasuwa. Da farko suna gaya masa gaskiya, sai ya rushe da kuka kamar yau aka yi mutuwar, bayan jimawa ya sake tambaya. Daga baya suka koma cewa, "Bai dawo ba tukuna."

Hannunsa kuwa bai manta komai ba. In an ba shi allura da zare zai yi ɗinki tsaf kamar da. Sai dai da zarar ya ɗaga kai ya amsa sallama, ya manta abin da ya faro, ya dasa wani zanen a kan na farko. Masu riguna suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe kayansu, suna yi masa addu'a. Maimuna ta koma ba shi tsofaffin zannuwa yana cika su da zare, ita kuma ta kama sayar da ɗanwake.

Bayan wata biyar Dakta Nazeer ya sake neman Yagana. Ya ce akwai masu bincike a wata jami'a a ƙasar waje, tare da wani ƙaramin kamfanin magunguna, da suke so su haɗa allurar rigakafin wannan cuta. Abin da suke buƙata shi ne jinin waɗanda suka kamu suka tashi, da na maƙwabtansu da cutar ta shiga jikinsu ba su kwanta ba, a gano yadda garkuwar jiki take kama ƙwayar.

"Ni in na shiga lungunan nan da jakar sirinji, ko ruwa ba za a ba ni ba," in ji shi. "Ke 'yar unguwa ce."

Ba ta ko nemi shawara ba, ta ajiye aikinta ta koma ƙaramin lab ɗin da aka ware wa binciken.

Mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan la'asar. Dakta ya yi bayani, Yagana ta ƙara da nata, tana tsaye a gefe cikin hijabi. A garin nan maganar gwajin magani ba ta da daɗin ji, kowa yana da labarin da ya taso da shi. Can sai Baba Sabo baduku ya yi gyaran murya. Matarsa Asibi tana cikin goma sha ɗayan nan, kuma ita ba ta tashi ba.

"'Yar nan, tambaya ɗaya gare ni. In an gama haɗa allurar, wa za a fara yi wa? Mu da muka ba da jini, ko 'ya'yan waɗanda suka haɗa ta?"

Yagana ta waiwayi Dakta Nazeer, ta ga ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Ta dubi fuskokin da ta sani tun tana yawo ba takalmi.

"Mu ne, Baba. A nan za a fara. Na yi muku alkawari."

Baba Sabo ya naɗe hannun rigarsa a nan take. A mako uku suka ɗebi jinin mutum ɗari huɗu da 'yan kai.

Ranar da za a fara ɗibar na Modu, Maimuna ta tare ta a bakin rijiya.

"Yagana, in an gama an yi wa Malam, zai dawo yadda yake?"

Yagana ta san amsar sarai. Rigakafi ba ya gyara abin da ya riga ya ɓaci. Amma ta ga yadda Maimuna ta rame, ta ga garin rogo a yatsunta, bakinta ya ƙi faɗa.

"Allah ne mai iko, Yaya Maimuna," ta ce.

Maimuna ta yi murmushin da rabonta da shi tun kafin damina.

Aka gano cewa a duk waɗanda suka tashi, jinin Modu ya fi na kowa ƙarfi a kan ƙwayar. Don haka duk wata uku Yagana kan zauna kusa da shi a zaure, ta ɗaure masa dantse.

"Wannan fa na mene ne, Yagana?"

"Rigakafi ake so a haɗa, Yaya, don kada wasu su kamu da wata cuta."

"To ai aikin lada ne. Ɗebi da yawa."

Sau goma sha bakwai ta ɗiba, kuma kowane karo haka suke yi, ba ragi ba ƙari.

Aikin ya ci shekara biyar. Daga jinin mutanen Sheshe da Ƙofar Ruwa aka gano wane ɓangare na fatar ƙwayar ne garkuwar jiki take damƙa. Can a waje suka ƙera wannan ɓangaren shi kaɗai, ba tare da ƙwayar ba, don jiki ya san shi tun kafin sauro ya kawo ta gaske. Haɗin farko bai kare ko ɗaya cikin ɓerayen da aka gwada shi a kansu ba. Na biyu ya sa ɓerayen ciwo, aka yi watsi da shi, shekara guda ta tafi a banza. Yagana tana nan tana tace jini, tana lika lamba, tana gadin firiza. In wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, ita ke hawa adaidaita ta yi ta neman ƙanƙara. Kowace damina kuma ana kawo sababbi, wasu su mutu, wasu su tashi da shanyewar ɓarin jiki, wasu kamar Modu.

Haɗi na uku ya kare ɓera goma sha takwas cikin ashirin. Ya kare birai. Aka yi wa mutum arba'in masu lafiya a can, babu wanda ya sami abin da ya wuce ciwon dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya. Ranar da saƙon ya zo, Dakta Nazeer ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi da gefen riga, Yagana kuma ta sayi tsire ta kai gida, suka ci su uku, Modu yana ta tambayar ko suna aka yi.

Saura gwaji a inda cutar take. Aka shirya mutum ɗari shida, manya, a yi musu kafin ruwa ya sauka. Aka yi wa kowa bayani cewa rabin kwalaben rigakafi ne, rabi ruwan gishiri, kuma ba wanda zai san wanne aka yi masa, har likitan, sai an gama. Ta haka ne kawai za a tabbatar allurar ce ta yi aiki. Ranar rubuta suna, tun kafin a buɗe ƙofa Baba Sabo yana zaune a kan benci tare da autarsa Firdausi, mai shekara ashirin da uku, malama a wata firamare. Ita kaɗai ta rage masa a gida.

"Ni na tsufa, ko sauro ya gaji da ni," ya ce. "Wannan za ki fara rubutawa."

Firdausi ta yi dariya ta ce ita fa tsoron allura take. Yagana ta rubuta ta a lamba ta ɗaya.

Kwalaben suka iso a watan Maris cikin akwati mai sanyi. Ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsa ba, kowace da lambarta, ruwan ciki fari tas iri ɗaya. Yagana ta jera su a firiji da hannunta, ta rataya makullin a wuya.

Saura kwana goma sha biyu a fara, ta shigo lab da safe ta tarar da Dakta Nazeer zaune gaban kwamfuta, bai ko amsa sallamarta ba. Ya juyo mata da allon. Wani babban kamfani ya saye ƙaramin. Sababbin masu shi sun duba ayyukan da suka gada, sun ga wannan rigakafin ba shi da kasuwa, sun dakatar da komai. Ba inshorar waɗanda za a yi wa, ba masu sa ido, kuma takardar da ke nuna wace lamba ce rigakafi tana hannunsu. A ƙasa aka rubuta cewa a lalata kwalaben gaba ɗaya a gaban shaida.

Ta karanta har sau uku.

"Dakta, ba wai ta ƙi aiki ba?"

"Ba su ce ta ƙi aiki ba."

"To mene ne laifinta?"

"Masu kamuwa ba su da yawa, kuma ba masu saye ba ne."

Dakta bai zauna ba. Ya rubuta wasiƙu har ya daina ƙirgawa, ya je Abuja sau biyu, ya kira duk wanda ya taɓa ba shi kati a wurin taro. Kowa ya jajanta masa. Abin da ya samu kawai shi ne a jinkirta lalatawar zuwa Yuli, ko wani zai fito ya ɗauki nauyin aikin.

Ya ce zai raka Yagana wajen mutanen unguwa, ta ce a'a, bakinta ne ya yi alkawarin. A ƙofar gidan mai unguwa ta tsaya ita kaɗai ta faɗi komai. Ta yi zaton za a zage ta, har ta so a zage ta. Ba wanda ya zage ta. Wata tsohuwa ta tambaya ko za a dawo musu da jininsu. Sannan mutane suka fara tashi ɗai-ɗai suna karkaɗe riguna.

Da ta koma gida ta sami Maimuna tana tankaɗe. Ta durƙusa kusa da ita.

"Yaya Maimuna, akwai abin da na ɓoye miki. Ko da an yi allurar nan, ba za ta dawo da Yaya ba. Ba aikinta ba ne. Na sani tun ranar da kika tambaye ni."

Maimuna ba ta daina tankaɗen ba.

"Na sani. Tun shekara ta biyu na tambayi wata nas da ke sayen ɗanwake a wurina."

"Shi ne ba ki ce mini komai ba?"

"In ce miki me? Na ga kina fita da safe da ƙarfinki. Ni ba ni da inda zan fita, sai na bar miki naki."

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu. Bayan kwana biyu, da la'asar, Baba Sabo ya yi sallama a zaure. Modu yana gefe yana ɗinkinsa, ya gaishe shi da fara'a, ya tambaye shi lafiyar Asibi. Baba Sabo ya ce tana lafiya. Sannan ya matso kusa da Yagana ya rage murya.

"An ce kwalaben suna nan, ba a zubar ba."

"Suna nan, Baba."

"Kuma makulli yana wuyanki."

Ta kai hannu ta taɓa igiyar makullin.

"Guda ɗaya nake roƙo. Ba don ni ba."

"Baba, ko na ɗauko ban san me na ɗauko ba. Rabinsu ruwan gishiri ne."

"To ki ɗauko uku. A cikin uku da wuya a rasa ɗaya."

"Mutum arba'in kawai aka taɓa yi wa a duniya. Ba a san abin da uku za su yi a jikin mutum ɗaya ba. In wani abu ya same ta, ba wanda zai san yadda zai taimake ta."

"Ni ubanta ne, na ɗauki alhakin."

"Ba zan iya ba, Baba. Ka yafe ni. Ga gidan sauro, ga maganin shafawa, zan kawo mata da kaina."

Ya miƙe tsaye.

"Gidan sauro Asibi take kwana a ciki," ya ce. Ya sa takalmansa ya fita.

Washegari ta riga kowa zuwa lab. Ta buɗe firiji, sanyin ya bugi fuskarta. Ta zaro kwalba uku daga layi daban-daban, ta naɗe su a auduga, ta sa a jaka, ta kai har bakin ƙofa. A nan ta tsaya. A ranta ta ga Firdausi tana jijjiga a hannunta saboda abin da ita ta tsira mata. Ta ga kuma Firdausi lafiya lau, gobe mutum ɗari biyar da casa'in da tara a ƙofar gidansu kowa da autarsa. Ta koma ta mayar da kowace kwalba gurbinta. Da ta juyo sai ga Dakta Nazeer tsaye da jakarsa, ba ta san tun yaushe ba.

"Ni shekaranjiya na ɗauka," ya ce. "Har mota na kai su."

Ba su sake tayar da maganar ba.

Yuli ta zo, ba wanda ya fito. Wata Talata da hantsi aka zuba kwalaben a tukunyar turara kayan lab, aka dafa su, aka kwashe aka kai wurin ƙona sharar asibiti. Wani jami'i ya zo da fom. Ana buƙatar sa hannun mutum biyu, Yagana ce ta biyun.

A mako na uku na Agusta, Firdausi tana rubutu a allo sai yara suka ga haruffan sun fara hawa kan juna. Ta juyo za ta yi magana, abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba kowane yare ba. Kwana biyu tana fama da ciwon kai ba ta gaya wa kowa ba. Aka kawo ruwan gadon bayanta lab, Yagana ta ga sunan a jikin kwalbar. Ita ta yi gwajin. Ba ta buƙaci jiran sakamako ba, amma ta jira.

Kwana shida Firdausi ta yi. Ta cika ranar Juma'a da safe, aka kai ta kafin a tafi masallaci.

Sai ranar uku Yagana ta iya zuwa gaisuwa. Ta shiga wajen mata, ta fito, ta tarar mutane sun ragu a ƙofar gida, Baba Sabo yana zaune a kan tabarma da carbi. Ta durƙusa nesa kaɗan ta yi masa ta'aziyya. Ya amsa yadda ake amsawa. Ta yunƙura za ta tashi, ya ce ta dakata.

"Ban ce ke kika kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, na yarda da wannan. Amma ke kika yi karatun abin. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, da kin ba ni, da tana nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Wallahi ban sani ba. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma da ruwan gishiri na ba ka."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"To ni ma ban sani ba. Haka za mu zauna ke nan, ni da ke."

Daga ranar in sun haɗu a lungu yakan amsa gaisuwarta, bai taɓa ƙi ba, amma bai ƙara kiranta 'yar nan ba. Malama yake ce mata.

Kafin ƙarshen shekara aka rufe lab ɗin. Jinin da ke cikin firiza, na mutum ɗari huɗu da 'yan kai da na Modu na shekara biyar, aka kwashe shi aka tura waje, don haka yarjejeniyar ta ce tun farko. Dakta Nazeer ya sami aiki a wani asibiti a Saudiyya. Ya zo har gida sallama, ya zauna a zaure suka yi hira da Modu, wanda ya yi masa tayin ɗinka masa riga in ya kawo shadda. Da zai tafi ya ce wa Yagana ta yafe masa, shi ya jawo ta. Ta ce ba wanda ya jawo ta.

Tsohon gurbin Yagana a babban asibiti an daɗe da cike shi. Ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Ƙofar Ɗan Agundi, ɗaki ɗaya da madubin duba jini ɗaya, tana gwajin maleriya da taifot da ciki. Ta daina bi ta gaban gidan mai unguwa, takan zaga ta baya ko da hanyar ta fi nisa. Modu ya yi furfura. Idonsa ya fara rauni, Maimuna ce ke zura masa zare.

Bayan shekara uku wasu baƙi biyu, mace da namiji, suka nemi Yagana a wurin aiki. Daga wata cibiyar bincike suke, sun ga sunanta a ƙasan wata takarda da aka buga kan aikin. Suka ce yanzu akwai sabuwar hanyar haɗa rigakafi mai sauri, abin da ya ci shekara biyar zai iya yiwuwa a biyu. Tsohon haɗin da tsohon jinin mallakar wancan kamfanin ne, ba za su iya taɓawa ba, don haka daga farko za su faro. Suna neman wanda zai shiga da su unguwa. Matar tana magana idonta yana ƙyalli, har tana buga tebur da yatsa.

Yagana ta saurare su har suka gama. Ta ga da gaske suke, kuma ba ta ga ƙarya a abin da suka faɗa ba.

"In kun haɗa, wa zai riƙe shi?" ta tambaya.

Suka ce ana kan tattaunawa da abokan hulɗa.

Ta yage 'yar takarda ta rubuta musu lambar mai unguwa.

"Ku je wajensa, mutumin kirki ne. Ni ba ni da fuskar da zan sake shiga gidajen nan."

Suka roƙe ta, suka dawo washegari, suka sake dawowa. Ba ta canza ba. Daga baya ta ji cewa sun yi mako biyu suna zagaye, mutum goma sha huɗu kawai suka samu, suka tattara suka koma wata jiha. Ta jira ta ji ko nadama ko sauƙi, ba ta ji ko ɗaya ba.

Daminar shekarar ta yi ruwa sosai, har katangu suka faɗi a cikin birni. Wata Laraba da azahar wani magidanci ya shigo da ƙaninsa, wani magini ƙaƙƙarfa, yana riƙe da shi ta kafaɗa. Zazzaɓi kwana uku, in ji shi, kuma tun safe yake kiran mutane da sunayen da ba nasu ba. Yagana ta tambayi unguwarsu, ya ce bayan Ƙofar Ruwa, dab da kududdufi. Ta ɗebi jinin, ta shafa a gilashi, ta duba ta daɗe fiye da yadda ake buƙata. Sannan ta rubuta abin da ɗakinta yake da ikon rubutawa, cewa babu maleriya. Ta miƙa wa mutumin takardar, ta ce kada ya koma gida, ya wuce da shi babban asibiti yanzu, ya ce a ɗebi ruwan bayansa.

"Malama, akwai magani dai ko?" ya tambaya.

"Ku hanzarta," ta ce.

Ta raka su har bakin titi ta tsayar musu da adaidaita. Ta dawo ta wanke hannu, ta leƙa waje, ta kira mai bi.